BABI NA TAKWAS: DABBOBIN SABO DA MASU SU A TARIHIN ƘASAR KABI

8.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin sana'o'in Hausawa na gargajiya, ciki har da noma da kiwo da su da farauta. A can an dubi dabba a matsayin dukiya. A wannan babi kuwa za a dube ta ta wata fuskar, wato a matsayin abokiyar zama, wadda mutum yake raɗa wa suna, ya ciyar da ita da hannunsa, ya kuma yi baƙin ciki idan ya rasa ta. An zaɓi ƙasar Kabi, musamman Birnin Kebbi da Argungu, domin a nan ne dokin yaƙi da karen farauta da dabbobin ruwa suka haɗu a tarihin al'umma ɗaya. Galibin littattafan tarihi sun fi mayar da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe, suka bar labarin mutum da dabbarsa a bakin dattawa. Dattawan nan kuwa suna ƙarewa, kalmomin da suke riƙe da su suna bin su. Wannan shi ya sa nazarin ya zama wajibi ga mai shirin zama malamin Hausa.

8.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambance dabbar sabo da dabbar kiwo a tunanin Bahaushe;
(b) bayyana matsayin doki da kare da kyanwa da kada a tarihin ƙasar Kabi;
(c) fito da shaidar tarihi daga kalmomi da sunaye da karin magana;
(d) tsara yadda zai tattara irin wannan tarihi a garinsu, ya kuma koyar da shi a aji.

8.2 Ma'anar Dabbar Sabo

Turawa suna da kalma guda ta dabbar da ake ajiyewa a gida don sha'awa kawai. Hausa ba ta da irin wannan kalma. Abin da take da shi shi ne "dabbar gida" wadda ke kishiyantar "naman daji", da kuma "bisashe" wadda ta ƙunshi shanu da tumaki da awaki. Rashin kalmar ba ya nufin rashin al'adar. Abin da yake nunawa shi ne, a wurin Bahaushe ƙauna da amfani ba su cika rabuwa ba. Dokin da yake ƙauna shi ne abin hawansa, karen da ya saba da shi kuma shi ne mai tsaron gonarsa.

Saboda haka a wannan babi za a yi amfani da "dabbar sabo" a matsayin kalmar aiki. Ana gane ta da alamomi huɗu. Na farko, tana da suna nata ita kaɗai. Na biyu, tana da mazauni a cikin gida ko a ƙofarsa. Na uku, akwai mutum ɗaya da aka san ta da shi, ita ma ta san muryarsa. Na huɗu, ba a sayar da ita ko a yanka ta sai bisa larura. Alama ta huɗu ita ce mafi rauni, kuma Hausawa da kansu sun san haka, shi ya sa suke cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Ke nan sabo mataki-mataki ne: doki da kare da kyanwa suna sama, rago da akuya suna tsakiya, kaza da zabo suna ƙasa.

8.3 Taƙaitaccen Tarihin Yankin

Muhammadu Kanta ne ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16. Wajen shekarar 1516 ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sanwai, bayan saɓanin da suka samu a kan ganimar yaƙin Agadas, ya kafa hedikwatarsa a Surame. Ruwayar baka ta nuna cewa Kanta ya tashi yana kiwon shanu a cikin Fulani kafin ya yi suna a jarunta. A farkon ƙarni na 18 aka mayar da hedikwata Birnin Kebbi. A 1805 rundunar masu jihadi, ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo, ta ci birnin. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya daga baya suka kafu a Argungu. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya sake tayar da tutar Kabi a 1849. Tun daga nan aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato, in ban da ɗan sararin da ake kira Lafiyar Toga, har zuwan Turawa a zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama (1883-1915). A zamanin Turawa ne Birnin Kebbi ta zama mazaunin Sarkin Gwandu, sannan ta zama babban birnin Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991.

Abin lura a nan shi ne yanayin ƙasar. Gulbin Kabi ya ratsa ta, ya bar faffaɗar fadama mai ciyawa da ruwa, ga kuma tudu a gefe guda. Fadamar ta ba da kifi da shinkafa da harawa, tudun ya ba da filin sukuwa da dajin farauta. Dangantakar Bakabe da dabbobinsa ta ginu ne a kan waɗannan abubuwa biyu.

8.4 Doki

Babu dabbar da ta kai doki daraja a tarihin yankin. A zamanin yaƙi ƙarfin sarki yana ga yawan barade, ƙarfin barde kuma yana ga dokinsa. A yaƙin Tafkin Kwatto na 1804 dawakin masu jihadi ba su wuce kimanin ashirin ba, maharba ne ƙarfinsu. Cikin 'yan shekaru kaɗan doki ya yawaita a hannunsu har ya zama abin ado. Wannan na cikin abubuwan da suka dami Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A littafinsa Tazyinul Waraƙati ya koka da yadda wasu suka karkata ga tara abin duniya, ya kuma ambaci dawakin da ake sukuwa da su a cikin gari maimakon fagen fama. Damuwar ce ta sa ya bar jama'a wajen 1807 da niyyar tafiya gabas, ya tsaya a Kano, daga baya ya komo. Wannan shaida ce cewa tun sama da shekara ɗari biyu da suka wuce akwai dokin aiki, akwai kuma dokin sha'awa, kuma malamai sun lura da bambancinsu.

Kula da doki aiki ne mai cin dukiya. Yana bukatar dawa ko gero da harawa da kanwa, da wanka da tsefe, da mai yankan ciyawa, da hayaƙin korar ƙuda a lokacin damina. Idan aka gangara kudu inda ƙudan tsando yake, cutar sammore takan kashe shi, shi ya sa dawaki suka fi yawa a arewacin jihar. Tsadar kulawar ce ta sa doki ya zama alamar sarauta da wadata. A fadojin ƙasar Hausa akwai muƙamai da suka ginu a kansa, kamar Shamaki mai kula da barga, da Sarkin Zagi, da Ubandawaki ko Madawaki, da Sarkin Dawaki. Kyautar doki da sirdinsa ita ce babbar kyautar da sarki zai yi wa bara ko makaɗi, kuma wanda aka ba ba ya mantawa, jikokinsa ma sukan riƙa ambata.

Harshe ya adana wannan tarihi ta hanyoyi uku.

(a) Kalmomin jinsi da girma: goɗiya ita ce mace, duƙushi shi ne ƙarami, ingarma babban doki ƙaƙƙarfa, ƙuru kuma gajere.

(b) Kalmomin launi: akawal, kili, danda, bidi, hurde, gunya, bikili, aharas. Waɗannan ba su shiga ko'ina sai a kan doki. Sau da yawa launin ne yake zama sunan dokin, a ce "Kilin wane" ko "Akawal ɗin wane".

(c) Kalmomin aro: sirdi da linzami da likkafa da lifidi daga Larabci suke, ingarma daga Barbarci, akawal kuma daga harshen Azbinawa. Idan aka jera waɗannan kalmomi za a ga hanyoyin da doki da kayansa suka biyo: ta arewa daga Azbin da ƙasashen Larabawa, ta gabas kuma daga Barno.

Haka kuma doki ya shiga adabi. Makaɗa Ibrahim Narambaɗa ya yi wa doki waƙa sukutum, wato "Dokin Iska Ɗanhilinge", wadda har yau ake nazari a manyan makarantu. A karin magana ana cewa dokin mai baki ya fi gudu, ana kuma cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A bori ma, wanda iska ta hau ana kiransa doki idan namiji ne, goɗiya idan mace ce. Duk wannan yana nuna zurfin da dabbar ta yi a tunanin mutane.

8.5 Kare

Matsayin kare a wurin Bahaushe mai fuska biyu ne. A baki abin raini ne: a zagi mutum da shi, a kira ɗan koren wani "karen farauta", a ce kare ka mutu da haushin kura. A aikace kuwa, ga maharbi da makiyayi da manomin da ke kwana a gona, kare amini ne. Idan kaka ta wuce aka shiga rani, matasan ƙauyuka sukan fita farauta ƙungiya-ƙungiya da karnukansu. Karen da ya yi fice yakan yi suna har ƙauyukan maƙwabta, a ɗaura masa laya a wuya, a ba shi rabonsa daga abin da ya kamo. Daga wannan fage ne aka sami karin maganar nan, karen bana shi ke maganin zomon bana, da kuma aikatau "cuna", wanda asalinsa ingiza kare ne ga nama, amma yanzu ake cewa an cuna wane da wane.

Addini ya taka rawa wajen tsayar da wannan matsayi. Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a yankin, ba ta ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, ko da yake ta ce a wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a makarantun zaure na Gwandu da Birnin Kebbi da Argungu, ya hana ajiye kare a gida sai don gona ko dabbobi ko farauta. A gefe guda kuma malamai sukan karantar da hadisin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, da labarin karen As'habul Kahfi. Sakamakon haka shi ne abin da ake gani a ƙauyuka: kare yana ƙofar gida ko bayan danga, ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar buzun salla, amma ba a barinsa da yunwa.

Sunayen karnuka fage ne mai kyau ga mai nazarin harshe. Ana iya kasa su gida uku:

(a) sunayen kama, irin su Baƙi da Fari da Guntu;
(b) sunayen habaici, waɗanda jimloli ne aka dunƙule, irin su Ba-ruwana ko Sai-haƙuri ko Ta-Allah;
(c) sunayen aro na zamani, irin su Bingo da Taiga.

Kashi na biyu ya fi jan hankali. Wanda ya sami saɓani da maƙwabci ko ɗan'uwa, kuma kunya ko tsoro ya hana shi faɗa a fili, sai ya ɗora maganar a kan karensa. Kullum ya kira karen, saƙo ya isa, ba kuma mai kai shi ƙara don ya kira karensa. Don haka idan ɗalibi ya ji irin wannan suna, ya tambayi dalilin sa shi. Sau da yawa a ƙarƙashinsa zai tarar da rikicin gona ko na gado ko na aure, wanda ba a rubuta shi ko'ina ba.

8.6 Kyanwa da Tsuntsaye da Ƙananan Bisashe

Kyanwa ita ce dabbar da ta sami izinin shiga har ƙuryar ɗaki. Amfaninta a fili yake a ƙasar da ake tara shinkafa da gero da busasshen kifi, domin ita ce maganin ɓera. Addini ma ya ba ta kariya: kowane almajiri ya san hadisin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa har ta mutu, ya kuma san cewa laƙabin Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo asali. Duk da haka akwai camfi a kan baƙar kyanwa, musamman da dare, don wasu na danganta ta da aljanu. Karin magana kuma ya ba mu kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yaƙushi, ana nufin mutumin da ba a tsoron sharrinsa.

Sunanta yana da darasi na karin harshe. A Kano ana cewa kyanwa ko mage, a Hausar yamma kuwa, wadda ta haɗa Sakkwato da Kabi, ana cewa mussa. A Zabarmanci sunanta muusu, zaki kuma muusu beeri, wato babbar kyanwa. Wannan kamanci bai zama abin mamaki ba idan aka tuna cewa Kabawa da Zabarmawa da Dandawa da Arawa maƙwabta ne, kuma abokan kawance ne a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Malami zai iya amfani da wannan kalma guda ya nuna wa ɗalibai yadda zaman tare ke barin sawu a harshe.

Tantabara ita ce dabbar sabo ta yara maza. Yaro yakan fara da guda biyu a cikin tukunya ko akurki, ya san kowace da kamarta, ya yi musaya da abokansa. A nan yake fara koyon ciniki da ɗaukar nauyi. A gidajen sarauta da na attajirai akan ga gauraka ko ɗawisu ko barewa ko babban kunkuru, waɗanda ba a ajiye su don komai ba sai sha'awa da nuna isa. Aku kuwa tsuntsun kurmi ne, daga kudu fatake suke zuwa da shi.

Awaki da tumaki da kaji galibi dukiyar mata ce. Mace takan fara da kaza, ta juya ta zuwa akuya, akuya ta zama kayan ɗakin 'yarta. Akwai kuma al'adar bai wa wani dabba ya kiwata a raba 'ya'ya, wadda ke ƙulla zumunci tsakanin gidaje. A nan ne sabo da bukata suke karo. Ragon da aka turke wata da watanni, yara suna ba shi dusa da ƙaiƙayi har yana bin su, ranar layya yanka shi za a yi. Kukan da yaro yake yi a wannan rana, da lallashin da uwa take yi masa, wani darasi ne na tarbiyya da kusan kowane ɗalibi ya taɓa gani a gidansu.

8.7 Kada da Gulbin Matan Fada

A Argungu akwai wata dangantaka wadda ba ta mallaka ba ce, ta amana ce. Ba wanda ya turke kada a gidansa, amma masunta Kabawa sun yi imani cewa akwai fahimta tsakanin Sarkin Ruwa da kadannin gulbi. Kafin bikin su akan yi gyaran ruwa, kuma a al'adance ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, don shi ne ake ganin yana kawar da kadanni daga wurin. Shi da Homa, shugaban masunta, su ne ke kula da dokokin ruwan. Daga cikin dokokin akwai hana su a Matan Fada har sai lokacin biki ya zo. Ko mutum ya yarda da abin da ake faɗa game da kada ko bai yarda ba, hanin nan yana ba kifi damar hayayyafa da girma. Shi ya sa ake kama giwan ruwa masu nauyin gaske da homa da gora kawai. Wanda ya ci gasar 2005 ya kai kilo 75.

Bikin a sigarsa ta yanzu ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta zama alamar ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Ta fuskar harshe, a lura cewa a Hausar yamma ana cewa kado, a gabas kada, kuma daga jam'in wannan kalma ne ake danganta sunan Kaduna.

8.8 Sauye-sauyen Zamani

Abubuwa da dama sun sauya wannan dangantaka. Na farko annoba ce. Wajen 1891 cutar bushiya ta ratso ƙasar Hausa ta hallaka mafi yawan shanu, ta talauta makiyaya. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya. Na biyu, ƙarshen yaƙe-yaƙe bayan faɗuwar Sakkwato a 1903 ya raba doki da aikinsa na asali, ya koma na rangadi da hawan salla da sukuwa. Na uku, keke da mota da babur sun karɓe aikin sufuri. Matashin da kakansa ya san bambancin hurde da bidi, shi sunayen babura ya sani.

Jaki ma ya shiga wani hali. Da shi ake kai taki gona, a ɗauko itace da ruwa, har ana bambance auraki da duna da idabari. Cinikin fatarsa zuwa ƙasar Sin ya rage yawansa ƙwarai, har Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a 2024. A birane kuwa an sami sabon salo, wato ajiye karnukan ƙasashen waje don gadi, da tantabaru da zomaye na sha'awa waɗanda ake cinikinsu ta wayar hannu.

8.9 Aikin Malami

Nauyi biyu ne a kan malamin Hausa game da wannan batu. Na farko shi ne tattarawa. Ga matakan da suka kamata a bi:

1. A zaɓi masu ba da bayani daga rukunoni daban-daban: tsohon mai kula da barga, maharbi, masunci, makiyayi, da tsohuwa mai kiwo a gida. Kada a tsaya ga maza kaɗai.
2. A nemi izini, a bayyana manufa, a gaisa yadda ya dace kafin a fara tambaya.
3. A yi tambaya a kan dabba guda: sunanta, wa ya sa mata, ina aka samo ta, me take ci, yaya ta ƙare. Tambayar "yaya kiwo yake a da?" ba ta fitar da komai sai amsa ta gama-gari.
4. A ƙayyade lokaci ta hanyar jingina labari da zamanin wani sarki, ko wata yunwa, ko wata ambaliya, domin dattawa ba su cika lissafi da shekarun boko ba.
5. A rubuta magana yadda aka faɗe ta. Idan dattijo ya ce "hwarauta" ko "mussa" ko "kado", kada a mayar da su daidaitacciyar Hausa, don a nan shaidar take.
6. A gwada bayanin mutum ɗaya da na wani. Mai doki yakan ƙara wa dokinsa gudu, maharbi yakan ƙara wa karensa jarunta.

Ziyara zuwa Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda fadar sarakunan Kabi ne har zuwa 1942 kafin a buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958, za ta taimaka wa ɗalibai su ga kayan yaƙin zamanin da ake magana a kai.

Nauyi na biyu shi ne tarbiyya da kariya. Yara sukan jefi kare ko kyanwa don wasa, wasu kuma sukan ɗaure wa ƙadangare ko tsuntsu zare har ya mutu. Darasin karin magana ko tatsuniya dama ce ta koyar da tausayin dabba. Haka kuma wajibi ne malami ya san haɗarin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma yara na cikin waɗanda ya fi shafa. Da zarar alamunsa sun bayyana da wuya a tsira, amma ana iya tare shi kafin nan. Idan kare ya ciji ɗalibi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar don allurar rigakafi, kada a tsaya ga maganin gida kaɗai. A kuma riƙa tunatar da iyaye su kai karnukansu asibitin dabbobi a yi musu allura. An ware 28 ga Satumba ta kowace shekara don wayar da kai a kan wannan ciwo, kuma makaranta za ta iya amfani da ranar.

8.10 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa Hausa ba ta da kalma guda ta dabbar sha'awa, amma tana da alamomin da ake gane dabbar sabo da su. An ga yadda doki ya ɗauki tarihin sarauta da yaƙi da fatauci, yadda kare ya tsaya tsakanin raini da aminci, yadda sunan kyanwa ya nuna maƙwabtakar Kabawa da Zabarmawa, da yadda al'adar Matan Fada ta kare kifin gulbi. An kuma nuna cewa yawancin wannan ilimi yana bakin mutane ne, kuma malamin Hausa da ke zaune a cikin jama'a shi ya fi kowa damar rubuta shi. A babi na gaba za a dubi dabbobi a cikin tatsuniyoyin Hausa.

Tambayoyin Bita

1. Kawo alamomi huɗu na dabbar sabo, ka bayyana wadda ta fi rauni tare da hujja daga karin magana.
2. Ta yaya kalmomin aro da suka shafi doki suke nuna hulɗar Hausawa da wasu al'ummu?
3. Tattauna matsayin kare a wurin Bahaushe ta fuskar addini da al'ada.
4. Mene ne amfanin hana su a Matan Fada kafin biki?
5. Waɗanne matakai malami zai ɗauka idan kare ya ciji ɗalibinsa?

Jinga

Yi hira da dattijo ko dattijuwa biyu a garinku game da wata dabba da suka taɓa sabawa da ita. Rubuta rahoto mai shafi uku, ka haɗa da jerin kalmomi goma na karin harshen garinku da suka shafi dabbobi, tare da takwarorinsu a daidaitacciyar Hausa.